Wa ke yanke wanda zai kwana a waje?

Tambaya: Ina aikin sa-kai da wata ƙungiya mai taimakon marasa matsuguni. Duk taron da muka je sai a ɗora wa ƙaramar hukuma laifi, wai tsarinta na gidaje ne ke jefa matasa da naƙasassu kan titi. Ni kuwa waɗanda nake gani, rikicin gida ne ko shaye-shaye ko larura ta fito da su. Shin da gaske dokokin gidaje na gari suna da hannu, ko dai neman wanda za a jingina wa laifi ake yi?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Abin da idonki ya gani gaskiya ne, ba zan musa miki ba. Na daɗe ina zama da irin mutanen da kike magana, ina cike musu takardun neman gida, kuma ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce mini dokar tsara gari ce ta kore shi ba. Wannan zai ce mijin uwarsa ne. Waccan ta ce ciki ta yi aka rufe mata ƙofa. Wani ya ce tun da ya yi haɗari ya rasa ƙafa, aiki ya tafi, haya ta bi bayansa. Amma ki lura da ambaliya. Gidan da ke kwari take fara ci, kowace shekara. In kika tambayi mai gidan zai ce ai gidansa ne a kwari, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai ko gida goma ruwan zai ci ko ɗari biyar, wannan magudanar da aka haƙa ko aka ƙi haƙawa ce ke yankewa. Ƙuruciya ba gata da naƙasa su ne kwarin. Dokokin gidaje na gari su ne magudanar.

Amurka ta ba mu hanyar gwada wannan magana, domin ƙasa ɗaya ce mai jihohi da birane masu dokoki daban-daban. Jihar West Virginia ta shafe shekaru tana kan gaba a yawan masu mutuwa saboda shan ƙwaya fiye da kima, ga talauci, ga naƙasassu da yawa, amma masu kwana a waje a can kaɗan ne in aka kwatanta da yawan jama'arta. Kalifoniya mai arziki, wadda mutanenta ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na ƙasar ba, ita ke ɗauke da kusan ɗaya bisa huɗu na marasa matsugunin Amurka gaba ɗaya. Da shaye-shaye ne ke ƙayyade adadi, da lissafin ya juye. Abin da ya raba su shi ne tsadar haya da ƙarancin ɗakunan da babu kowa. Inda ɗaki yake da araha, mai shaye-shaye yana sha a ɗakinsa, mai taɓin hankali yana fama da ciwonsa a bayan ƙofa. Inda ɗaki ya yi wuya, mai gida ke zaɓe, kuma ba ya zaɓar ɗan shekara 19 marar mai tsaya masa, ko mai keken guragu da zai roƙi a faɗaɗa ƙofar bayi.

To ina hannun ƙaramar hukuma a tsadar ɗaki? A nan ne nake so ki tsaya, domin nan ne mutane suka fi rainawa. Gwamnatin tarayya na iya riƙe da kuɗin tallafi, amma a yawancin ƙasashe majalisar gari ce ke cewa ga irin ginin da za a yi a kan wane fili, ga mafi ƙarancin girman ɗaki, ga hawa nawa, ga yawan wurin ajiye mota da dole mai gini ya tanada, ga mutum nawa waɗanda ba dangin juna ba za su iya zama a gida ɗaya. Kowace ƙa'ida in kin karanta ta ita kaɗai sai ki ga ta yi ma'ana. In aka haɗa su, sai ki tarar an haramta gina ainihin irin ɗakin da matashi mai ƙaramin albashi ko naƙasasshe mai ɗan alawus zai iya biya: ɗaki guda, bayi da madafa na tarayya, kusa da tasha.

Biranen Amurka sun taɓa cika da irin waɗannan gidaje masu ɗaki ɗai-ɗai, ana biya mako-mako, ba a tambayar takardar albashi. Ba su da kyau, wasu ma ƙazanta da haɗarin gobara sun yi musu yawa, ba zan shafa musu mai ba. Amma ƙofa ce mai kulle. Birnin Niyu Yok ya hana gina sababbinsu a 1955, sauran birane suka bi da rusau da sauya su zuwa otal da gidajen masu hali. An ƙiyasta kusan ɗaki miliyan ɗaya ya salwanta a ƙasar daga 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980, kuma a daidai wannan lokaci ake ta sallamar majinyata daga manyan asibitocin ƙwaƙwalwa da alƙawarin za a kula da su a cikin jama'a. An fito da mutane, an kuma rushe ɗakunan da za su shiga. Waɗanda suka yi dokar sun yi ta ne da sunan tsabtace gari, kuma a takarda sun tsabtace shi.

Akwai kuma maƙwabta. Ki je duk zaman sauraron jama'a da ake yi kan gina masaukin matasa ko gidan da naƙasassu za su zauna tare, za ki ji baki ɗaya: muna goyon baya, amma ba a layinmu ba, ga makaranta kusa, ga cunkoson motoci, ga darajar gidajenmu za ta faɗi. Masu zuwa irin wannan zama masu gidan kansu ne, masu lokaci, masu ƙuri'a. Wanda za a gina wa ɗakin bai ma san ana zaman ba. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar garin Cleburne na jihar Teksas, wanda ya hana izinin buɗe gida ga mutum 13 masu jinkirin fahimta, alhali a unguwar an yarda da gidajen haya da asibitoci da gidajen tsofaffi ba tare da wani izini na musamman ba. Hujjojin majalisar sun haɗa da fargabar maƙwabta da makarantar da ke tsallaken titi, har da cewa filin na iya yin ambaliya sau ɗaya a shekara 500. Kotu ta ce wannan ƙyama ce marar dalili, ta soke. Shekaru da dama ke nan, amma ni da kunnena na ji waɗannan hujjoji, kusan kalma da kalma, a wani zama da na halarta.

Mu juya ga matasa. Matsalarsu ta farko ita ce ba a ganinsu. Birane da yawa suna ƙirga marasa gida ne a dare guda: a fita da fitila a lissafa na ƙarƙashin gada da na masaukin gaggawa, a rubuta adadi, kuma da wannan adadin ake yin kasafi. Matashi kuwa ba kasafai yake kwana inda za a ƙirga shi ba. Raɓe-raɓe yake yi, yau ɗakin aboki, gobe wajen wata gwaggo, jibi cikin mota, kuma yarinya sau da yawa tana wajen wani namiji da take biya da abin da bai kamata ta biya da shi ba. Binciken da cibiyar Chapin Hall ta Jami'ar Chicago ta fitar a 2017 ya tambayi mutane game da shekara sukutum maimakon dare ɗaya, sai ya gano ɗaya cikin 10 na 'yan shekara 18 zuwa 25, da ɗaya cikin 30 na 'yan 13 zuwa 17, sun ɗanɗana rashin matsuguni a cikin shekarar. Jimilla kusan miliyan 4.2. Garin da ma'anarsa ta marar gida ita ce mai kwana a titi ya riga ya share yawancin waɗannan daga littafinsa tun kafin su yi sallama a ofis.

In ma sun yi sallama, akwai tankaɗe da rairaya a bakin ƙofa. Ingila ta fi dacewa da misali, domin a can doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa marar gida masauki, amma da sharuɗɗa. A ƙarƙashin dokar gidaje ta 1996, sai an tabbatar mutum yana cikin masu buƙatar gaggawa, irin mai ciki ko mai 'ya'ya ko mai rauni. Sai an tabbatar ba shi ya jawo wa kansa rashin gidan da gangan ba. Sannan a duba ko yana da alaƙa da yankin, wanda aka saba aunawa da zaman wata 6 cikin 12 da suka wuce, ko shekara 3 cikin 5. Ki ɗora waɗannan a kan saurayi ɗan shekara 20, lafiyayye, wanda ya gudo daga wani gari saboda saɓani da iyayensa. Ba shi da ciki, ba shi da ɗa. Shi ya fita da ƙafarsa, don haka ana iya cewa da gangan ne. Garin da yake da alaƙa da shi kuwa shi ne garin da ya gudo. Ma'aikacin da ke gabansa ba mugu ba ne, yana da ɗakuna biyar ne da mutum hamsin, kuma dokar ta ba shi hanyoyi uku na cewa a'a.

'Yan shekara 16 da 17 sun fi shan wahala, domin sashen gidaje kan ce yara ne, a je sashen kula da yara, can kuma a ce matsalar gida ce, a koma. Sai da wani matashi ya kai ƙaramar hukumar Southwark ta Landan kotu, aka yanke a 2009 cewa nauyin yana wuyan sashen yara tun farko. Ga kuma waɗanda suka tashi a riƙon hukuma ko gidan marayu, da ranar cika shekara 18 ke zame musu ranar ɗaure kaya. Ɗan da ke gaban iyayensa in ya fita haya ta gagare shi, ya dawo gida. Wannan ba shi da gidan dawowa. Shi ya sa Ingila ta ba da damar zama wajen mariƙi har shekara 21 tun 2014, Amurka ma ta buɗe wa jihohi wannan hanya da dokar 2008. Sikotlan ta fi kowa nisa, ta soke sharaɗin buƙatar gaggawar ɗungurungum a ƙarshen 2012, ta ce duk wanda ya rasa gida ba da gangan ba yana da haƙƙin zaunannen masauki. Ban ce ta huta ba. Mutane sun taru a masaukan wucin gadi suna jira, saboda haƙƙi a takarda ba ya aza bulo. Amma an daina cewa saurayi ya je ya ƙara lalacewa sannan ya dawo a duba shi.

Wannan magana ta ƙarshe ba zolaya ba ce. Kafin 2015 ana auna raunin naƙasasshe a Ingila da na sauran masu kwana a titi, wato sai ka fi su shiga uku kafin a kira ka mai rauni. Kotun Ƙolin ƙasar ce ta gyara a shekarar, ta ce a auna shi da mutum na yau da kullum in ya rasa gida.

Naƙasassu kuwa tasu ta bambanta, domin ko ɗakin yana nan, ko kuɗin yana nan, sau da yawa ba ya shiguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3, kashi 16 cikin ɗari na bil'adama, suna da naƙasa mai tasiri a rayuwarsu. Amma binciken gidaje na gwamnatin Ingila na 2018 ya sami kashi 9 kacal na gidajen ƙasar da ke da abubuwa huɗun da mai keke ke buƙata don ko ziyara ya kai: hanya marar matakala zuwa ƙofa, dokin ƙofa daidai da ƙasa, ƙofofi masu faɗi, da bayi a hawan ƙasa. Ziyara fa na ce, ba zama ba. Tun ran gini tun ran zane. Ƙofa mai faɗin santimita 81 da shiga marar matakala kusan ba sa ƙara komai a kuɗin gini in an sa su a zane. In an gama gini aka dawo fasa bango, a nan ne kuɗi ke tashi, mai gida ya ce ba da shi ba. Gari yana da ikon tilasta wannan ta hanyar izinin gini. Birnin Atlanta na Amurka ya yi a 1992 ga gidajen da birni ya sa wa tallafi. Landan tun 2004 ta ce kashi 10 na sababbin gidaje su zama na masu keke ko masu sauƙin mayarwa haka. Dokar tarayyar Amurka ta 1988 ta ɗora ƙa'idojin shiga a kan gine-gine masu gida huɗu ko fiye da aka fara zama cikinsu bayan Maris 1991, amma wa ke zuwa da awo ya duba? Jami'in gini na gari, in ya ga dama, in kuma an horar da shi.

Abin da ya fi ba ni takaici ba ya ma buƙatar bulo ko ɗaya. Rabo ne. Na taɓa zuwa duba wani gidan hukuma da aka kashe kuɗi aka yi wa gangara da bayi mai maƙalai da ƙofofi masu faɗi saboda wata baiwar Allah. Da ta rasu, aka miƙa shi ga na gaba a layi, iyali lafiyayyu, su kuma suka nemi a cire maƙalan. A wannan makon ina da wani mai keke da ke zaune a hawa na uku, ƙannensa ke saukar da shi a goye. Ofishin ba shi da rajistar gidajen da aka gyara, don haka ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Sanya naƙasasshe a saman bene ba ƙaramin abu ba ne. A gobarar benen Grenfell na Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, mutum 72 suka rasu, kuma cikin mazauna 37 masu naƙasa 15 ba su fita ba. Ginin na ƙaramar hukuma ne, kuma babu wani shiri da aka yi na yadda za a fitar da kowanensu in wuta ta tashi.

Sai kuɗi. Alawus ɗin naƙasa na tarayya a Amurka bai wuce dala 943 a wata ba a 2024, kuma a manyan birane da dama hayar gida mai ɗaki ɗaya ta haura wannan gaba ɗaya, ba a maganar ci da magani. Adadin ɗaya ne a duk ƙasa, haya ce ke bambanta, haya kuwa mun ga mai hannu a cikinta. A Birtaniya, dokar da ta fara aiki a 2013, wadda ta rage tallafin haya da kashi 14 ga mai ɗaki ɗaya da aka ce ya yi rara, da kashi 25 ga mai biyu, ta fi faɗa wa gidajen naƙasassu, inda ɗakin rarar shi ne ma'ajiyar na'urori ko makwancin mai jinya. An ce su koma ƙananan gidaje, ƙananan hukumomi kuma ba su da ƙananan gidajen.

Akwai rashin gida da ba a kiransa da sunansa. Saurayi ɗan shekara 25 da ya karye a laka, asibiti ta gama da shi, amma ya kwashe watanni a gado ko aka kai shi gidan tsofaffi don babu gidan da zai shiga, a lissafi yana da rufi a kansa. A ganina marar gida ne. Sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006 ya ce suna da ikon zaɓar inda za su zauna da wanda za su zauna da shi, kuma hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Olmstead ta 1999 ya ce killace su ba dalili wariya ce. Haka nan gidan da aka gina a bayan gari, inda fili ke da arha amma ba motar haya ba asibiti, ga makaho ko gurgu kurkuku ne mai fenti.

Kada kuma ki ɗauki matasa da naƙasassu a matsayin layi biyu. Yawancin lokaci mutum ɗaya ne. Yaro mai jinkirin fahimta ko mai larurar ƙwaƙwalwa da ba a gano ba shi ne gida ke fara gajiya da shi, makaranta ta sallama, sannan ya kasa cike fom mai shafi ashirin ko ya manta ranar da aka ce ya dawo, a rubuta cewa ya ƙi ba da haɗin kai. Titi kuma da kansa yana haifar da naƙasa: duka a ka, ciwon ƙafa da ya ruɓe, sukari ba wurin ajiye allura, firgicin da ba ya barin barci. Shaye-shayen da kike gani, ki riƙa tambaya yaushe ya fara. Da yawa za su ce miki bayan sun fito ne, don dare ya yi gajere.

Daga nan sai gari ya ɗauko sanda. A Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 kan 3, ta yarje wa garin Grants Pass na jihar Oregon ya hukunta masu kwana a fili ko da babu gadon da za a ba su. Tarar ta fara daga dala 295. Wanda ba shi da kuɗin ɗaki ba shi da na tara, sai bashi ya taru, a kai ga kamu, sunansa ya shiga kundin masu laifi, kundin da mai gidan haya zai duba gobe. In aka zo share sansani, abin da ke tafiya cikin motar shara shi ne katin shaida da magani da sandar makaho, wani lokacin har keke. Ma'aikaciyar da ta yi wata uku tana lallashin yarinya ta amince da ita, ta wayi gari ba ta san inda aka kora ta ba. Na fahimci ɗan kasuwar da ke son ƙofar shagonsa a share, kuma kukansa halal ne. Amma kora daga wannan layi zuwa wancan kashe kuɗi ne don matsar da matsala taku ɗari.

Za ki ce to wa ya yi daidai. Finlan ake yawan ambata, kuma ta cancanta. A 1987 tana da marasa gida sama da 18,000, zuwa 2021 sun koma ƙasa da 4,000. Daga 2008 ta rungumi tsarin da ake kira gida tukuna, wanda wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya fara gwadawa a Niyu Yok a 1992: a ba mutum gida da yarjejeniyar haya da sunansa ba tare da sharaɗin sai ya daina sha ko ya warke ba, sannan taimako ya biyo shi har ɗaki. Tsohon tsari kamar tsani yake, daga masaukin dare zuwa na wucin gadi zuwa gida, kowane mataki da jarrabawa, kuma masu larura mafi tsanani su ne ke faɗowa a matakin farko. A Helsinki, babban birnin ƙasar, aka mayar da wani masauki mai gado 250 ya zama gidaje 81 masu cin gashin kansu. Abin da masu yabon ba sa faɗa shi ne birnin ya mallaki fiye da rabin filayensa, yana da kamfanin gidajensa, yana kuma tilasta gauraya gidajen talaka da na mai hali a sababbin unguwanni, ga gidauniyar Y da tun 1985 take sayen gidaje ɗai-ɗai a cikin gari. Gida tukuna ba ya yiwuwa inda babu gidan. Da gwamnati ta rage tallafi kuwa, adadin ya sake hawa a 2024, karon farko cikin sama da shekara goma.

Kanada ta gwada tsarin a birane biyar daga 2009 zuwa 2013 da mutum sama da 2,000 masu larurar ƙwaƙwalwa. A watanni shida na ƙarshe kashi 62 na waɗanda aka ba gida suna zaune daram, a ɗaya rukunin kuwa, wato waɗanda aka bari da irin taimakon da aka saba, kashi 31. Sai dai shaye-shaye da ciwon kansa ba su ragu fiye da na ɗaya rukunin ba sosai, kuma ya kamata masu tallata tsarin su riƙa faɗin haka. Gida yana maganin rashin gida ne, sauran sai da likita da lokaci. Ga matasa ma sai an sassaƙa shi. Ɗan shekara 17 da aka miƙa wa makulli aka tafi, kaɗaici da abokan banza za su cinye gidan cikin wata uku. Wasu gidan tarayya mai babba a kusa ya fi musu, wasu sulhu da wata inna ko kaka ya fi komai, in gidan ba shi ne haɗarin ba. Abu ɗaya da na tsaya a kai: kada a haɗa yara da manya a masauki ɗaya. Sun san abin da ke faruwa a can, shi ya sa suke zaɓar titi.

Garin da ba shi da kuɗin Helsinki fa? Afirka ta Kudu ta nuna cewa talauci ba ya sauke nauyi. A shari'ar Grootboom ta 2000 kotun tsarin mulki ta ce shirin gidaje da bai tanadi komai ga wanda ke cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi ba bai cika doka ba, ko da yake Irene Grootboom kanta, wadda ta kai ƙarar, ta rasu a 2008 tana cikin ɗakin kwano. A 2011 aka tilasta wa Johannesburg samar da masaukin gaggawa ga waɗanda mai gida mai zaman kansa ya tasa, a 2017 kuma aka soke ƙa'idar wani masaukin birnin ta kulle mutane a waje da rana da raba miji da mata. Ki yi tunanin mai ciwon ƙafa da aka ce ya fita tun safe kada ya dawo sai yamma. A irin waɗannan birane babban makamin hukuma katafila ce. Unguwar da aka rushe ba tare da madadi ba, mai ƙarfi ya kwashi kwanonsa ya kafa a gaba, gurgu da makaho sun rasa maƙwabtan da suka san su, masu ɗebo musu ruwa da riƙe musu hannu, kuma wannan ba a biyan diyyarsa.

Tun da kina zuwa tarurrukan nan, ki bar masu zagin ƙaramar hukuma a dunƙule su yi ta yi, ke ki je da tambayoyin da ke da amsa a fayil. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ki tafi da mutum biyu daga cikin waɗanda kike taimako, su yi magana da bakinsu. Ki tambayi ko dokar gini ta yarda a gina ɗaki ɗai-ɗai na haya, kuma a wace unguwa. Ki tambayi yara nawa ne a riƙon hukuma za su cika 18 a bana, da inda kowanensu zai kwana a daren. Ki tambayi ko kurma ko makaho zai iya neman gida ba tare da ya zo da ɗan rakiya ba. Sannan ki nemi jerin gidajen hukuma na hawan ƙasa da waɗanda aka yi wa gyaran naƙasassu, tare da bayanin masu zama a ciki yanzu. In aka ce miki babu irin wannan jeri, ki roƙi a rubuta hakan a bayanan taro, ki sake tambaya a zama na gaba.